Yadda za ka je bikin matattu na Meksiko da ordinatarka ba tare da bulo ya lalace ba

Masu aiki ta intanet sun yi yawa yanzu a Yamai, wani yana yi wa ONG fassara, wani yana rubuta kod, wata tana riƙe wa kamfani kontabilite alhali ba ta taɓa ganin ƙofar kamfanin ba, kuma tunda aikin duk a cikin ordinatar yake to duk inda akwai reso nan ne biro. Shi ya sa wasu suka fara tunanin tafiya nesa, kuma cikin abubuwan da ake yawan gani a Instagram da TikTok duk ƙarshen Oktoba akwai bikin nan na Meksiko, Día de Muertos, wanda mutane ke fentin fuska kamar ƙoƙon kai ga furanni ruwan lemu ko'ina. Tafiyar mai yiwuwa ce. Amma akwai abu guda da bidiyoyin nan ba sa faɗa maka, shi ne bikin da dare ake yinsa, kai kuma aikinka na Yamai idan kana can da dare zai faɗo, to duk shirinka a kan wannan ya kamata ya tsaya.

Ga lissafin. Birnin Meksiko yana bayan Yamai da awa 7, kuma tun 2022 suka daina sauya agogo, don haka bambancin ba ya motsi. Ƙarfe 8 na safe da patron ɗinka yake buɗe biro, kai ƙarfe 1 na dare ne a wajenka, daidai lokacin da maƙabarta ta cika maƙil ana kiɗa. Ƙarfe 3 na yamma a Yamai shi ne 8 na safe can. To abin da za ka yi tun kana gida, ka zauna da mutanen da kake aiki da su ka ce don Allah duk reyiniyon a maida shi tsakanin ƙarfe 2 da 5 na yamma agogon Nijar, kai ka tashi da asuba can ka yi salla ka sha shayi ka zauna daga 7 zuwa 10 na safe ku gama magana, sauran aikin da ba ya buƙatar kowa ka yi shi da rana lokacin da su suke barci. Idan kiliyan ɗinka a Faransa suke ko Beljiyam ka kula, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba suke maida agogonsu baya, kafin nan tazararku awa 8 ce bayan nan ta koma 7, kuma wannan sauyin yana faɗowa ne ƴan kwanaki kafin bikin, mutum sai ya shiga Zoom ya tarar ba kowa ya zaci an kore shi. Masu aiki da Kanada su ne ƴan gata, Montreal awa 2 ce kawai a gaban birnin Meksiko, Lahadin farko ta Nuwamba ma ta koma awa 1.

Ranakun 31 ga Oktoba da 1 da 2 ga Nuwamba kam ka nemi konje kawai. Kar ka ce za ka haɗa, ba ya haɗuwa. Wanda ya kwana tsaye cikin sanyi har 3 na dare ba zai iya gyara tablon Excel da safe ba, ko ya yi sai an sake.

Shi bikin mi ake yi a cikinsa? A imaninsu, sau ɗaya a shekara rayukan waɗanda suka mutu suna dawowa gida ziyara, ran 1 ga Nuwamba na yara ne, suna ce musu angelitos, ran 2 kuma na manya. Abin ya haɗo al'adun mutanen ƙasar na tun kafin zuwan Sifaniyawa da ranakun cocin Katolika, waɗanda suka yi lakkol da faransanci sun san La Toussaint, to ranakun nan ne. UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya a 2008. Zuciyar abin ita ce ofrenda, wani tebur mai hawa-hawa da ake shiryawa cikin gida. A sama hoton mamacin, sai buji, sai kofin ruwa wai ya sha don ya yi tafiya mai nisa, sai gishiri, sai turaren ƙaro da suke kira copal yana hayaƙi, sai takardu masu launi da aka huhhuda an rataya a zare, sai abin da mamacin yake so lokacin yana raye, kuma nan ne abin yake taɓa zuciya, za ka ga kwalbar Coca an buɗe, ko kwalin taba, ko ƴar motar wasa idan yaro ne. Furen nan ruwan lemu sunansa cempasúchil, ana tsinke ganyensa a zuba a ƙasa ya yi layi tun daga bakin ƙofa har gindin teburin don wai rai ya bi launin da ƙamshin kar ya ɓace hanya. Idan ka ga layin nan a ƙasa ka kauce, kar ka bi ta kai da takalmi.

Mu dai mun san a addininmu mamaci ba ya dawowa cin abinci, addu'a da sadaka yake buƙata. Don haka ka yanke wa kanka tun kafin ka sayi biye: za ka ne ka ga yadda wasu bayin Allah ke tuna mutanensu, ba za ka ne ka yi abin da suke yi ba. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi malaminka tun kana Yamai, kar sai ka kashe miliyoyi ka je can kana tsaye a bakin maƙabarta kana waswasi. Ni a ganina kallo da ladabi daban, sa hannu daban, kuma ba wanda zai tilasta maka kunna buji ko durƙusawa.

Batun biza shi ne ya fi cin lokaci. Fasfo ɗin Nijar yana buƙatar biza, kuma babu ambasad ɗin Meksiko a Yamai, ta kusa da mu tana Abuja. Sai dai Meksiko tana barin wanda yake da bizar Amurka ko Kanada ko Ingila ko Japan ko Shengen mai rai ya shiga ba tare da tata ba, to idan kana da ɗaya daga ciki ka rubuta wa ambasad ka tabbatar irin taka tana ciki, ka buga amsar a takarda ka riƙe, saboda ma'aikacin kamfanin jirgi a filin Diori Hamani shi ne zai fara tambayarka. Idan ba ka da ko ɗaya fara neman randebu tun watan Yuni ko Yuli. Hanyar jirgi kuma ka guji duk wadda ta bi ta Amurka, can ko sauya jirgi kawai za ka yi sai da bizarsu. Turkish Airlines tana tashi daga Istanbul kai tsaye zuwa birnin Meksiko, doguwar tafiya ce ƙwarai amma ta fi sauƙin takardu. A filin jirgin can jami'in shige da fice shi ke rubuta kwana nawa ya ba ka, iyakar abin 180, kuma ba dole ba ne ya ba ka duka, ka duba abin da ya rubuta kafin ka bar gabansa. Ka sani ɗan Afirka yana shan tambaya a wajen saboda masu bi ta nan su tsallaka Amurka, don haka biyen dawowa da rezarbasiyon ɗin masauki da takardar wajen aikinka duk su kasance a hannu, a takarda, kar ka dogara da waya. Izinin baƙo ba ya ba ka damar kama aiki da kamfanin Meksiko, albashinka daga waje yake zuwa, haka za ka faɗa. Karnen allurar shawara ma ka saka cikin fasfo don dawowa.

Sai ina za ka sauka, don kowane gari da irin nasa.

Birnin Meksiko shi ya fi sauƙi ga mai aiki, intanet mai kyau, wuraren hayar tebur na aiki da yawa a unguwannin Roma da Condesa, ga Uber da DiDi da metro. Can ake babban defile a titin Reforma, amma ka san wannan defilen sabon abu ne, a 2016 aka fara shi bayan fim ɗin James Bond mai suna Spectre na 2015 ya nuna irinsa a farkon fim alhali babu shi, hukumar birnin ta ga mutane suna zuwa nema ta ce to a yi. Yana da kyan kallo, amma kallo ne kawai. Matar nan ƙwarangwal mai ƙatuwar hula da za ka gani ko'ina, La Catrina, asalinta zanen José Guadalupe Posada ne da ya yi don yi wa masu kwaikwayon Turawa shaguɓe, daga baya Diego Rivera ya saka ta cikin zanen bangonsa na 1947 ya yi mata doguwar riga. Idan kana son na gaske ba tare da ka bar birnin ba, akwai San Andrés Mixquic a can gefen kudu maso gabas, daren 2 ga Nuwamba suke haska maƙabartar da ke kewaye da coci da buji, sai dai cunkoso da nisa, ka shirya motar dawowa tun kafin ka tafi. Kasuwar furanni ta Jamaica da ke cikin birnin ma ka leƙa ana saura kwana biyu, motoci ne cike da cempasúchil ake saukewa.

Wani abu game da Roma da Condesa: ƴan unguwar sun gaji da baƙi masu ordinatar da ke sa kuɗin haya tashi, har zanga-zanga suka yi a watan Yuli na 2025. Ba da kai suke ba kai tsaye, amma ka san da maganar, kuma idan ka samu ɗaki a gidan iyali ya fi maka ta kowace fuska.

Oaxaca, ana faɗinta Wahaka, ita ce zan zaɓa wa wanda ya tambaye ni. Awa 6 zuwa 7 ce a kar ɗin kamfanin ADO daga birnin Meksiko, garin ba shi da girman da zai haɗiye ka, da ƙafa kake yawancin yawonka. Daren 31 ga Oktoba ake zuwa maƙabartar Xoxocotlán da ke bakin gari, sai kuma jerin gwano na masu kiɗan ƙaho da ganga da suke kira comparsa suna zagaya unguwanni kamar Jalatlaco, da zane-zanen yashi mai launi a ƙasa. Matsalarta biyu. Masauki yana ƙarewa watanni kafin lokacin kuma farashi ya ninka, don haka ka kama da wuri. Ta biyu ƙara. Mutanen nan suna son harba abin wuta mai fashewa a sama, da asuba da rana da tsakar dare, kana cikin yi wa patron bayani sai ka ji daram kamar an harba bindiga a bayan tagarka, mutanen Yamai su ruɗe suna lafiya lafiya. Ka faɗa musu tun farko, ka sayi kask mai mikro na kirki, kuma ka nemi ɗakin da ke cikin gida wanda tagarsa ba ta kallon titi.

Pátzcuaro da tsibirin Janitzio a jihar Michoacán, wajen mutanen Purépecha, su ne hotunan nan na kwale-kwale da buji a kan tafki. Kyau kam akwai, amma ka je da konje, ba wajen aiki ba ne. A jihar ce kuma malam buɗe littafin nan da ke tasowa tun daga Kanada da Amurka yake sauka a farkon Nuwamba, wasu mutanen wajen suna cewa rayukan ne suka iso. A yankin Yucatán sunan bikin ma daban, Hanal Pixán, kuma a wani gari Pomuch na jihar Campeche iyalai suna fito da ƙasusuwan mamatansu daga akwati su share su da buroshi su sauya musu ƙyalle. Wannan kam ba kowane ɗan Yamai zai iya tsayawa kallo ba.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka ce mai gidan ya yi gwajin saurin intanet a cikin ɗakin da za ka kwana ya turo maka hoton, ba a falo kusa da akwatin wifi ba, don tsofaffin gidajen Oaxaca bangonsu kauri ne da shi, reso ba ya ratsawa. Da ka sauka ka sayi layin Telcel, ana sa masa kuɗi a shagunan OXXO da ke kowace kwana, shi ne madogararka ranar da wifi ya ɗauke. A daren bikin shi ma yana cushewa saboda taro, don haka duk fishiye mai nauyi ka tura shi da rana. Kuran ɗinsu bolt 127 ne da firis irin na Amurka mai baki faffaɗa, sharjar ordinatar da ta waya yawanci an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu, ba matsala, adaptatar kawai za ka saya, amma dutsen guga ko abin dafa ruwa na 220 ka bar su gida. Layinka na Nijar kar ka cire shi, ka tabbatar yana karɓar SMS a waje, don kod ɗin banki a kansa yake zuwa. Sefa ba wanda zai canja maka a can, ka tafi da yuro ko dala, ka faɗa wa bankinka za ka yi tafiya kar su toshe kat, kuma ka ciri peso a hannu kafin ran 2 ga Nuwamba don bankuna a rufe suke ranar, masu kasuwa da masu taksi kuma tsaba suke karɓa.

Jikinka ma sai ka ba shi lokaci. Birnin Meksiko yana kan tudu mai tsayin mita 2,240, wanda ya taso daga bakin kogin Isa zai hau bene hawa biyu ya ji numfashi na yankewa, ga ciwon kai ga barcin da ya juye. Ka iso aƙalla mako guda kafin bikin. Dare akwai sanyi irin na tsakiyar hunturu, a Pátzcuaro ma ya fi, ka ɗauki jaket mai kauri da safa. Ruwan famfo ba a sha, manyan gorunan lita 20 ake saye. Idan kuma ka ji lasifikokin titi sun ɗau wata irin jiniya a birnin Meksiko, gargaɗin girgizar ƙasa ne, ka ajiye ordinatar ka bi abin da maƙwabta suke yi.

Abinci yana son sa ido, don alade ya shiga girkinsu sosai, kuma ba naman ba ma, kitsen. Kalmomi uku za ka haddace: cerdo da puerco duk alade ne, manteca kuma kitsensa. Tamales, wato ƙullin masara da ake dafawa cikin ganye wanda ake ci sosai a kwanakin nan, yawanci da manteca ake kwaɓa shi ko da naman kaza ne a ciki, wake da aka dama ma haka. Naman nan da za ka gani yana juyawa a tsaye ka ce ga shawarma, tacos al pastor ne, alade ne, wuce. Burodin bikin, pan de muerto, mai zaƙi da ƙamshin lemu da aka yi wa ado kamar ƙasusuwa a sama, galibi da bota da ƙwai ake yinsa amma ka tambaya. Kifi da ƙwai da kayan itace ba su da iyaka. Abin da zai ba ka dariya, jan ruwan da suke kira agua de jamaica bisap ne sak, ga na tsamiya, kuma a kasuwannin Oaxaca mata na zaune da tulin fara soyayya da yaji da lemun tsami, chapulines, ta fi tamu ƙanƙanta amma fara ce. A gidan abinci ana barin kashi 10 zuwa 15 na kuɗin ga mai kawo abinci. Salla kuma, alƙibla can arewa maso gabas take, kar ka fuskanci gabas yadda ka saba, a birnin Meksiko akwai wajen da musulmi ke haɗuwa Juma'a a unguwar Anzures, a Oaxaca ka ɗauka a ɗakinka za ka yi.

To yanzu daren kansa. Ka tuna yadda kake shiga maƙabartar Yantala, a hankali kana duba inda za ka sa ƙafa, haka za ka shiga nan, ko da ka ga ana kiɗa ana dariya ana sayar da abinci a bakin ƙofa. A tsohuwar maƙabartar Xoxocotlán kushewu a manne suke da juna, wasu tudun ƙasa ne kawai da aka lulluɓe da fure, hanyar tsakani ba ta fi faɗin ƙafa ba kuma haske na buji ne. Za ka ga tsohuwa ta lulluɓa da mayafi tana zaune a gefen kushewar mijinta tana gyara bujin da iska ta kashe, jikoki na barci a kan bargo, ɗan ya ɗauko masu gita suna rera waƙar da baban yake so. Wasu a cikinsu bana suka yi rashin. Kar ka haska musu filas a ido, kar ka jingina da gicciye don ɗaukar selfi, kar ka tsallaka kushewa don ka yanke hanya. Ka ce buenas noches, idan za ka wuce ka ce con permiso, idan kana son hoto ka tambaya ¿puedo tomar una foto?, wanda ya ji faransanci Sifaniyanci ba ya yi masa wuya, mako biyu na koyo a waya ya isa gaisuwa da ciniki. Sau da yawa idan ka tsaya ka gaida su ka tambayi wane ne wannan, su da kansu za su ba ka labarinsa su ce zauna, su miƙo maka ɗan kofin mezcal, giya ce mai ƙarfi, ka sa hannu a ƙirji ka ce gracias, no tomo, wato na gode ba na sha, ba wanda zai ji haushi, sai su ba ka shokola mai zafi ko kofi.

Fentin fuska ni dai ban ba ka shawara ba, ko ba don addini ba, na cikin gari ne da defile, iyalan da ke zaune gaban kushewa mafi yawansu da fuskarsu ta kullum suke. Ka riƙe ƴan canji ko alawa a aljihu don yara za su tare ka suna neman calaverita, wato ƴar kyautar bikin. Ordinatar da fasfo su kwana a masauki, ka fita da kwafi da waya ɗaya a aljihun gaba, taro ne kuma duk inda taro yake akwai masu yankan aljihu. Ƴan'uwa mata kar ku dawo ku kaɗai da tsakar dare, ku haɗa kai da mutanen masaukinku ku ɗauki mota ɗaya ku yi ciniki da direba ya jira ku.

Ran 3 ga wata kar ka sa reyiniyon ɗin safe ko ɗaya, kuma kar ka sa tafiya, tashoshin kar da filin jirgi duk a cike suke da masu komawa. Ka bari sai 5 ko 6 ga wata, lokacin kuɗin ɗaki ya sauko.